PowerPoint Ya Ƙi Ajiye Aikina, Ga Ranar Kare Kundi Ta Matso

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Marwa, ranar Laraba zan kare kundina na kammala digiri. Na shirya diyapo 34, wato shafukan da ake haskawa a bango, a PowerPoint, da hotuna da ɗan bidiyo guda ɗaya. Tun jiya duk sanda na danna Ctrl+S sai ya ce an samu kuskure, bai iya ajiyewa ba. Fayil ɗin yana kan filash ne, wato kile, a can nake buɗe shi kullum. Jiya na rufe na sake buɗewa, aikin yamma gaba ɗaya ya tafi. Yau ma ga shi a buɗe ya ƙi, ina tsoron taɓa komai. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya kai mu Larabar lafiya, Ya ba ki sa'a. Tsoron da ya hana ki taɓa komai ya yi miki rana, ki ƙara riƙe shi na ɗan lokaci. Kada ki rufe PowerPoint, kada ki kashe kwamfutar, kada ki zare kilen. In akwai wuta ki jona caja yanzu-yanzu. Duk abin da kike gani a allo wanda bai sauka kan kile ba, yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ake kira RAM. Muddin da wuta a jikinta tana riƙe da kayan, wuta na yankewa ko an rufe manhajar sai ta zubar da su. Abin da ya same ki jiya ke nan. Saboda haka mu fara fitar da aikin ta wata ƙofar, binciken mai laifi ya biyo baya.

Yawancin kwamfutocinmu na nan Kamaru da Faransanci suke, don haka zan riƙa kiran abubuwa da sunan da za ki gani a allo.

Danna F12, a wasu kwamfutocin sai kin haɗa da Fn. Akwatin Enregistrer sous, wato na ajiyewa da sabon suna ko a sabon wuri, zai fito. Kada ki zaɓi kilen. Zaɓi Bureau, wato fuskar allon kwamfutar, ki ba fayil ɗin sabon suna gajere, kamar kundi2, ba tazara ba wata alama, ki ajiye. A shagona na Garwa, inda na daɗe ina buga wa mutane takardu ina gyaran kwamfuta, mafi yawan masu zuwa da irin kukanki a nan kukan nasu yake ƙarewa. In ya ajiye, kin huta, kin kuma gane cewa PowerPoint lafiyarsa ƙalau, kilen ne ko ramin da aka soka shi.

In a Bureau ɗin ma ya ƙi, sake danna F12, ki sauya Type zuwa PDF. PDF ba ya riƙe motsin diyapo, ba ya kunna bidiyo, amma rubutunki da hotunanki da jadawalinki sun tsira, kuma in ta kai ta kawo da shi kaɗai ma za ki iya tsayawa gaban malamai. Bayan haka ki danna Ctrl+N ki buɗe sabon fayil, ki koma tsohon, ki taɓa ɗaya daga cikin ƙananan diyapon da ke jere a gefen hagu, sai Ctrl+A, sai Ctrl+C, ki liƙa su a sabon. Wajen liƙawa ki zaɓi Conserver la mise en forme source don kada launuka da tsari su canja. Ki gwada ajiye wannan sabon. In duk waɗannan sun ƙi, ɗauki wayarki ki ɗau hoton diyapon ɗaya bayan ɗaya kafin ki rufe. Sake bugawa daga hoto aikin dare ɗaya ne, sake tunanowa daga ka kuwa ba lalle ya dawo yadda yake ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa nake zargin kilen tun ban gan shi ba. Sanda kika danna Ctrl+S, PowerPoint ba ya hawa kan tsohon fayil ɗinki kai tsaye. Sabon kofi cikakke yake fara rubutawa a gefensa, cikin foldar, da sunan wucin gadi mai ƙarewa da .tmp. Sai ya gama lafiya sannan ya kawar da tsohon, ya ba sabon sunansa. Dabara ce mai kyau, don in abu ya lalace a tsakiya tsohon yana nan. Sai dai tana da sharuɗɗa. Dole wurin ya kasance da sararin da zai ɗauki fayil ɗin sau biyu, dole ya yarda a yi rubutu a goge a sauya suna, kuma dole kada ya ɓace ko na ƙiftawar ido tun daga lokacin da aka buɗe fayil ɗin. Wannan na ƙarshen shi kile ya fi karyawa. Kwamfutocin da muke saya yawanci na hannu ne, ramukan USB ɗinsu sun saki, ga ƙurar hunturu ta shige su. Mutum ya ɗora kwamfuta a cinya ko kan katifa, ya gyara zama, kilen ya motsa, haɗin ya yanke na daƙiƙa ɗaya ya dawo. Ke ba ki ga komai ba, iyaka dai ki ji ɗan sautin nan da Windows ke yi in an zare abu. A wurin PowerPoint kuwa ƙofar da ya buɗe da safe ta riga ta rufe, wani lokaci ma harafin kilen ya tashi daga E ya koma F. Daga nan ko sau ɗari kika danna Ctrl+S ba zai ji ba, sai dai Enregistrer sous.

Sai kuma kilen jabu, wanda kasuwanninmu daga Ngaundere har Kuseri ba su rabu da shi ba. A jikinsa an rubuta 64 Go ko 128 Go, wato gigabait, Windows ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa bai kai ko kusa da nan ba. An shirya ɗan guntun da ke sarrafa shi ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Da farko lafiya lau yake aiki, har ainihin cikin nasa ya cika. Daga nan abin da aka zuba ko dai ya ƙi shiga, ko kuma, wanda ya fi muni, ya nuna ya shiga: ga sunan fayil, ga girmansa, a buɗe a tarar ba komai. Wani malamin sakandare ya taɓa kawo mini irinsa da darussan zango guda a ciki. Yini muka yi muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, da yawansu ba abin da ya fito. Har yau in na tuna yadda ya zauna shiru a kan bencin shagon sai raina ya ɓaci. Araha ba ta ado. In kika ga kile mai girma sosai a kuɗin ƙarami, ki bar shi. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika sararin kilen da bayanai ta sake karanto su, ta faɗi gaskiyar girmansa. Tana cin lokaci, don haka ki bar ta sai bayan Laraba, kuma sai kin kwashe kayanki daga ciki.

Kile na gaske ma yana tsufa. Da yawansu in ma'ajinsu ya fara gajiya sai su kulle kansu, a karanta amma ba a rubutu, Windows ta ce miki diskin yana protégé en écriture. In kin ga haka ki kwashe abin da ke ciki tun yana bari, ki yi sallama da shi. Haka nan in kina kai kilen siber, wato shagon intanet, ko wurin masu firinta, ki duba ko foldojinki sun koma 'yan gumaka masu ƙaramar kibiya a gindi. Wannan ƙwayar cutar raccourci ce da ta addabi ɗalibai, tana ɓoye ainihin fayiloli ta bar miki inuwarsu, kuma duk danna inuwar da kika yi kin ƙara kunna ta. Kayan suna nan ba su gogu ba, amma kada ki ci gaba da aiki a kansa sai an wanke shi.

Abin da nake so ki ɗauka daga duk wannan, ki kuma gaya wa ƙawayenki: kile jakar ɗaukar kaya ce, ba a yin aiki a cikinta. Ki kwafo fayil zuwa kwamfuta, ki yi aikinki a can, in kin gama kin rufe sannan ki mayar da kofi kan kilen, ki danna Éjecter kafin ki zare.

To, aikin jiya da yamma. Akwai fata, amma ba zan yi miki alkawari ba. PowerPoint yana ajiye kofin ceto da kansa duk minti 10, in ba a kashe wannan tsarin ba, kuma a cikin kwamfutar yake ajiyewa, ba a kan kile ba, wanda hakan alheri ne gare ki. Bayan kin tsirar da na yau, ki shiga Fichier, sai Informations, ki duba wajen Gérer la présentation. In akwai kofin da aka riƙe lokacin da kika rufe ba ki ajiye ba, zai fito a nan da ranarsa da lokacinsa. A ƙarƙashin wannan maɓallin kuma akwai Récupérer des présentations non enregistrées, wanda ke kai ki foldar UnsavedFiles, inda ake ajiye fayilolin da ba a taɓa ba su suna ba. Kwana 4 kawai suke yi a can a share su. Ki kuma leƙa foldar kundin a kan kilen, ko za ki ga fayil mai fara suna da ppt ya ƙare da .tmp, wanda girmansa ya yi kusa da na fayil ɗinki. In akwai, kwafo shi zuwa Bureau, ki sauya ƙarshen sunan zuwa .pptx, ki gwada buɗewa. Wani lokaci shi ne aikin da ya maƙale a hanya, an gama rubuta shi ba a samu damar sauya masa suna ba.

Kuma don Allah, kafin Laraba kada ki bari kowa ya ce zai yi wa kwamfutar fomata. Wasu masu gyara da sun ji an ce manhaja ta ƙi aiki maganinsu ɗaya ne, a goge komai a sake zubawa. Ranar da aka yi haka, waɗannan kofunan ceton da nake gaya miki sun tafi har abada. Haka nan in an ce miki don Office ɗinki, wato tarin manhajojin da PowerPoint ke ciki, tsoho ne ya daina ajiyewa, ba haka ba ne. Gaskiya Microsoft ta daina tallafa wa Office 2016 da 2019 ranar 14 ga Oktoba 2025, amma ma'anarsa sun daina samun gyaran tsaro ne, suna nan suna buɗewa suna ajiyewa.

Mu dawo kan in Bureau ma ya ƙi. Ki fara da kallon saman allon, inda sunan fayil yake. In an rubuta Lecture seule, fayil ɗin na karatu ne kawai, ajiyewa da sabon suna ta wadatar. Mode protégé mai ratsin ruwan ɗorawa yana zuwa ne da fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet ko imel, a danna Activer la modification ya wuce. Produit sans licence kuwa yana nufin rajistar Office ɗin ta faɗi, sai ya koma a duba kawai. Tunda kin ce jiya kin yi aikin yamma a cikinsa, ba na tsammanin waɗannan biyun na ƙarshe ne suka same ki. Amma na lasisin ya yi yawa a wajenmu, don mafi yawan Office ɗin da ake zuba wa mutane a shaguna ba na saye ba ne, ranar da rigakafin kwamfuta ya kama abin da aka fasa shi da shi sai rajistar ta rushe. Wanda ya biya Microsoft 365 ma sai ya hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, kuma in ƙaramin batirin agogon kwamfutar ya mutu, kwanan wata ya koma baya, tantancewar tana iya ƙi.

Sai ki buɗe Ce PC ki kalli diskin C. In ratsinsa ya yi ja, ya cika, ki rage finafinai da abin da ke cikin Téléchargements, ki zubar da Corbeille. Ki lura da suna ma. Ɗalibai suna son sa wa fayil cikakken taken kundi, cikin folda cikin folda cikin folda, alhali tsohuwar iyakar Windows ga dukan hanyar, daga C har ƙarshen suna, haruffa 260 ne. Ga kuma alamomin da ba ta yarda da su a suna: \ / : * ? " < > |. Taken kundi mai ɗigo biyu a tsakiya, ko kwanan wata irin 12/05, duk sun faɗa ciki. In kuma kin ga hoton gajimare a jikin Bureau ko Documents, to OneDrive, ma'ajin Microsoft na intanet, ne ya karɓe su, kuma na kyautarsa 5 Go ne kawai; in ya cika ko intanet ya yi rauni sai ajiya ta riƙa maƙalewa. Ki buɗe sabuwar folda kai tsaye a cikin C, ki ajiye a can.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu musamman, mu masu rubuta Hausa da Fulatanci, da masu saka aya ko hadisi da Larabci. Saboda ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ko don Larabcin ya fito da kyau, mukan sauko da salon haruffa daga intanet, abin da allon Faransanci ke kira police. Sai wani ya ba da shawara, shawara mai kyau kuwa, cewa a cusa salon a cikin fayil ɗin don kada rubutun ya wargaje a kwamfutar zauren jarrabawa. Matsalar ita ce wasu masu ƙera salon sun hana a cusa nasu, sai PowerPoint ya tsaya yana ƙorafin cewa akwai haruffan da ba za a iya ajiye su tare da fayil ɗin ba. Wani lokaci kuma in daga fayil ɗin wani kika gaji tsarin diyapon, salon da ya cusa ne zai sa naki ya buɗe a matsayin na karatu kawai. Ki shiga Fichier, Options, Enregistrement, ki cire alamar da ke kan Incorporer les polices dans le fichier, ki gwada ajiyewa. In kina so ki rabu da matsalar gaba ɗaya, a Accueil akwai Remplacer, a ƙarƙashinsa Remplacer les polices, ki mayar da komai Arial ko Times New Roman. Na Windows ɗin yanzu suna da haruffanmu masu lanƙwasa, kuma kowace kwamfuta za ki tarar da su.

In duk wannan bai yi ba, to akwai diyapo guda da ta lalace tana hana sauran wucewa. Ba sai kin bi 34 ɗin ɗaya bayan ɗaya ba. Kwafi 17 na farko zuwa sabon fayil ki ajiye. In sun ajiye, mai cutar tana cikin sauran 17 ɗin. In sun ƙi, tana cikinsu. Ki raba rukunin da ya ƙi gida biyu ki sake, haka har ki kai ga guda. Gwaji shida ya ishe ki. Da ni ne, kafin ma in fara rabon, diyapon bidiyon zan fara cirewa, don sau da yawa ita ce, sai jadawalin da aka liƙo daga Excel yana nan ɗaure da fayil ɗinsa na asali, sai hoton da aka kwafo kai tsaye daga shafin intanet. In kin same ta, kada ki kwafe ta, ki gina sabuwa. Hoto ki saka shi ta Insertion, jadawali ki liƙa shi a matsayin hoto, bidiyo kuma ya zama MP4. Fayil ɗin .pptx, tun daga Office 2007, ƙunshi ne irin na zip mai ɗauke da kowane hoto da bidiyo a cikinsa, kuma duk ajiyewa sai an sake ɗaure ƙunshin gaba ɗaya. Shi ya sa hotunan waya masu nauyi suke wahalar da ƙaramar kwamfuta. Compresser les images, da Compresser le média da ke cikin Informations, suna rage nauyin sosai ba tare da an ga bambanci a bango ba.

Saura ƙananan abubuwa. In ɓangaren da ke nuna cikin fayil a gefen dama na folda yana buɗe, yakan riƙe fayil ɗin, Alt+P yana rufe shi. Bayan ɗaukewar wuta, ɗan ɓoyayyen fayil mai fara suna da ~$ yakan rage a foldar, ya sa a ce miki wani yana amfani da fayil ɗin. In PowerPoint yana rufe za ki iya goge shi. Rigakafi biyu a kwamfuta ɗaya sukan yi kokawa a kan fayil ɗin .tmp, guda ya isa. In kuma sabon fayil fanko ma ya ƙi ajiyewa, to manhajar ce da kanta. Bayan kin tsirar da aikinki, ki riƙe Ctrl ki buɗe PowerPoint ya tashi a Mode sans échec, wato ba tare da ƙare-ƙaren da aka liƙa masa ba; in ya ajiye a haka, wani ƙarin da aka liƙa masa ne ke hana shi. In bai yi ba, ki nemi Office a jerin manhajoji ki zaɓi Modifier, sai gyara. LibreOffice kyauta ne kuma halal, Impress ɗinsa, takwaran PowerPoint, yana buɗe .pptx yana ajiyewa, ko da yake yakan ɗan gusar da tsari, sai kin bi diyapon kin duba.

Da zarar abu ya daidaita, ki koma Options, Enregistrement, ki mayar da minti 10 ɗin nan zuwa 3. Da yadda wuta take yi mana, da batiran da ba sa riƙe caji, da zafin Marwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 har kwamfuta ta kashe kanta, minti 10 ya yi yawa. Ki ɗora ta kan tebur ko faranti, katifa tana toshe mata iska. Kowace yamma ki ajiye da sabon suna, kundi3, kundi4, don in ɗaya ya lalace na jiya yana nan.

Daren Talata ki fitar da kofi biyu, .pptx da PDF, ki sa su a kile biyu daban, ki kuma tura wa kanki ta imel ko ta WhatsApp a matsayin Document. Bidiyon ma ki ajiye shi shi kaɗai a gefe. In za a bar ki ki shiga zauren kafin lokaci, ki kwafe fayil ɗin zuwa kwamfutar da ke haɗe da furojekta, ki bi diyapon daga farko har ƙarshe. In kin gwada F12 ɗin nan ya ƙi, ki ɗau hoton saƙon kuskuren yadda yake, da saman allon inda sunan fayil yake, ki turo mini tun yau, kwamfutar tana kunne.